Cingam: Tarihinsa, Zaƙinsa, da Abin da Yake Yi wa Jiki

A shekarar 2019 masu bincike a ƙasar Denmark suka bayyana sakamakon aikinsu a kan wani ɗan dunƙulen baƙin danƙo da aka tono a Syltholm, a tsibirin Lolland. An tauna shi an yar kimanin shekara 5,700 da suka wuce. Daga abin da ya maƙale a jikinsa suka fitar da ƙwayoyin halittar wadda ta tauna shi, suka gane mace ce mai duhun fata da shuɗayen idanu, har suka ga alamar ta ci naman agwagwa. Mutanen wancan zamani suna samun danƙon ne ta hanyar gasa ɓawon wani itace, su liƙe makamansu da shi, su kuma tauna.

Ke nan ɗabi'ar tauna abin da ba za a haɗiye ba ta girmi duk wani kamfanin cingam. Girkawa sun daɗe suna tauna ƙaron wani itace da ke tsibirin Kiyos don ƙamshin baki, kuma har yau ana nomansa a can. Ƙabilun Maya da Aztek na yankin Meziko suna da nasu, wanda suke tatsa daga itacen sapodila, ana ce masa cikil. Aztek har doka suka yi masa: yara da 'yan mata na iya taunawa a bainar jama'a, matar aure kuwa sai a ɓoye. A ƙasar Hausa ma duk wanda ya tashi a karkara ya san yadda yara ke ɓamɓaro ƙaro daga jikin itace su jefa a baki. Malaman fiƙihu ba su bar zancen ba, domin littattafan Malikiyya irin su Muhtasar na Halil sun lissafa taunar danƙo cikin abubuwan da aka karhanta wa mai azumi. Wannan hukuncin danƙo ne zalla. Cingam na yau da zaƙinsa ke narkewa ya bi maƙogwaro, malamai sun ce yana karya azumi.

Cingam ya zama hajar kasuwa ne a Amurka. A 1848 John Curtis ya fara dafa ƙaron itatuwan jihar Maine yana yankawa yana sayarwa. Babban sauyin ya zo a ƙarshen shekarun 1860, lokacin da tsohon shugaban Meziko, Janar Santa Anna, yake gudun hijira a New York. Ya zo da cikil da fatan a mayar da shi roba, ya samu kuɗin komawa mulki. Wani mai suna Thomas Adams ya karɓi cikil ɗin ya yi ta gwaji, robar ta ƙi fitowa, sai ya mulmula ragowar ya kai shagunan magani a matsayin abin tauna, kuma kasuwa ta karɓa. A 1891 William Wrigley ya isa Chicago yana sayar da sabulu, daga baya ya koma hodar kumbura fulawa, yana ba masu saye gyaran cingam. Da ya ga gyaran ya fi hajar farin jini, sai ya rungume shi, ya fitar da Juicy Fruit da Spearmint a 1893. Cingam mai hura balo kuwa wani akanta ne na kamfanin Fleer, Walter Diemer, ya haɗa shi a 1928. Yaƙin Duniya na Biyu ya ƙarasa aikin, domin an sa cingam cikin guzurin sojojin Amurka, suka yaɗa shi duk inda suka sauka.

Wannan arziki ya tsaya ne a kan gumin masu tatsar itace a dazuzzukan Yukatan da Gwatamala da Beliz. Da damina mutum zai ɗaura igiya a ƙugu ya zagaya ta da gindin itace, ya riƙa hawa yana sassara ɓawon da adda, sara na haɗuwa da sara a karkace tun daga ƙasa har sama. Farin ruwan sai ya biyo waɗannan hanyoyi ya taru a jakar da aka rataya a gindi. A sansani a zuba shi a babbar tukunya a yi ta tuƙawa a kan wuta har ya yi kauri, sannan a zuba a mazubin katako ya daskare. Itacen da aka tatsa sai ya huta shekaru kafin a sake taɓa shi. Da buƙata ta fi ƙarfin daji, bayan yaƙin sai kamfanoni suka koma ga danƙon da ake haɗawa a masana'anta daga sinadaran man fetur. Saboda haka mafi yawan cingam da ke kan teburin mai shago a yau, tushensa dangin roba ne. Shi ya sa ba ya narkewa a baki, ba ya kuma ruɓewa da wuri in an yar. Singafo ta gaji da kankare shi daga tituna da ƙofofin jiragen ƙasa har ta hana shigo da shi da sayar da shi a 1992, sai a 2004 ta sassauta ga wanda ake amfani da shi don lafiya. Ƙaron Sahel, wanda Sudan da Chadi da arewacin Najeriya ke fitarwa, yana cikin abubuwan da ake amfani da su wajen yi wa wasu ƙwayoyin cingam ɓawonsu mai sheƙi.

To me yake yi wa jiki? Babban amfaninsa yana cikin yawu. Idan mutum ya ci abinci, ƙwayoyin cutar da ke zaune a kan haƙora suna cinye sukarin da ya saura su fitar da tsami, tsamin nan kuma shi ke zaizaye farin ɓawon haƙori har ya yi kogo. Tauna tana ninka kwararar yawu sau da yawa, yawu kuwa yana wanke ɓurɓushin abinci, ya kashe kaifin tsami, ya mayar wa haƙori sinadaran da ya rasa. Wannan ne ya sa ƙungiyar likitocin haƙori ta Amurka ke cewa tauna cingam marar sukari na minti 20 bayan cin abinci yana taimakawa wajen kare haƙora. Masu fama da bushewar baki suna samun sauƙi da shi. A asibitoci da dama ana ba matar da aka yi wa tiyatar haihuwa, ko wanda aka yi wa aikin hanji, domin bincike ya nuna tauna na taimaka wa hanji ya farfaɗo da wuri. Akwai kuma cingam mai nikotin da aka ƙirƙira a Sweden don masu son barin sigari.

Duk wannan amfani sharaɗinsa ɗaya ne: kada a sa sukari. Cingam mai sukari fiye da rabin nauyinsa zaƙi ne. Yaron da ke jefa sabo a baki da zarar zaƙin na farko ya gushe, tun safe har yamma yana jiƙa haƙoransa da abincin ƙwayoyin cuta. Irin wannan cingam shi ne mai araha, shi ne kuma ya fi yawa a tiren 'yan talla da ƙofar makarantun firamare.

Neman abin da zai maye gurbin sukari ya daɗe. An gano sakarin a 1879 a Jami'ar Johns Hopkins. Asfatam kuwa James Schlatter ya ci karo da shi a 1965 yana haɗa maganin gyambon ciki, ya fi sukari zaƙi kusan sau 200. A watan Yulin 2023 cibiyar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi a rukunin abubuwan da mai yiwuwa suna da alaƙa da cutar, bisa hujja mai rauni. A lokaci guda kwamitin ƙwararru kan sinadaran abinci ya bar iyakar da aka yarda da ita yadda take, wato miligiram 40 ga kowane kilo na nauyin mutum a rana. Mai kilo 70 yana da iyakar miligiram 2,800, ƙwayar cingam kuwa 'yan miligiram kaɗan ke cikinta. Waɗanda ya wajaba su guje shi baki ɗaya su ne masu wata cutar gado da ba ta cika yawa ba, wadda jiki ba ya iya sarrafa sinadarin fenilalanin, shi ya sa ake buga gargaɗi a takardar.

Zailitol shi ne ya fi suna wurin likitocin haƙori. Binciken da aka yi a Jami'ar Turku ta Finland a shekarun 1970 ya nuna ƙwayoyin da ke ruɓar da haƙori ba sa iya cin moriyarsa, kuma a 1975 aka fitar da cingam na farko mai ɗauke da shi a ƙasar. Sai dai nazarin da cibiyar Cochrane ta fitar a 2015 ya nuna hujjar fifikonsa ba ta kai ƙarfin da masu talla ke faɗa ba. A 2024 kuma masu bincike a asibitin Cleveland na Amurka suka ba da rahoton alaƙa tsakanin yawan zailitol a jini da haɗarin daskarewar jini, al'amarin da har yanzu ake ci gaba da tantancewa. Masu kiwon karnuka su sani cewa guba ne mai kisa ga kare.

Zuma da zaƙi da harbi, in ji Hausawa, kuma sobitol ya gaskata hakan. Shi ne aka fi zubawa a cingam marar sukari, hanji kuwa ba ya tsotse shi sosai, sai ya jawo ruwa ya kawo kumburin ciki da gudawa. A 2008 likitoci a Berlin suka wallafa labarin wata mace 'yar shekara 21 da ta yi watanni tana zawo har ta rasa kilo 11. An yi ta gwaje-gwaje ba a ga komai ba, sai da aka tambaye ta abin da take ci aka gano tana tauna cingam kimanin goma sha biyar a rana. Da ta daina, cikinta ya lafa, jikinta ya dawo. Yawan tauna yana kuma gajiyar da muƙamuƙi, yana jawo wa wasu ciwon kai, musamman matasa.

Zancen cewa cingam da aka haɗiye yana naɗe hanji ko ya shekara bakwai a ciki ba shi da tushe. Ciki ba ya narkar da danƙon, amma yana fita da bayan gida cikin 'yan kwanaki. An dai samu ƙananan yara da suka mayar da haɗiyarsa ɗabi'a har ya toshe musu hanji, don haka bai kamata a ba yaron da bai san ya tofar ba.

Abin da ke raba cingam mai amfani da mai cutarwa a rubuce yake a jikin takardarsa, mu kuwa mun saba sayen ƙwaya ɗaya-ɗaya daga cikin kwalba ba tare da mun ga kwalin ba. Mai saye ya duba ko an rubuta “sugar free” ko “sans sucre”, ya duba ranar lalacewa, a Najeriya kuma ya nemi lambar NAFDAC. Sunayen zaƙin za su fito da rubutun xylitol, sorbitol da aspartame. Ƙwaya biyu ko uku a rana bayan abinci sun wadatar, kuma ba su ɗauke wa kowa asuwaki da buroshi ba. Wanda warin baki ya ƙi barinsa ya je a duba masa haƙora da dasashi, domin ƙamshin na'ana'a rufe matsalar kawai yake yi. Nauyin ya fi hawa kan iyaye da malamai da masu shago, saboda yaron da ke miƙa kuɗinsa a ƙofar makaranta bai san bambancin sukari da zailitol ba, haƙorin dindindin kuma in ya ruɓe ba ya sake tsirowa.