Littattafan Malam Umar Falke na Kano a Amurka: abin da kwamfuta ta kasa karantawa

A jami'ar Northwestern da ke garin Evanston, kusa da Chicago a Amurka, akwai ɗakin karatu na nazarin Afirka mai suna Herskovits, wanda aka kafa a 1954. Cikin abubuwan da yake ji da su har da taskar Malam Umar Falke, malamin Tijjaniyya kuma ɗan kasuwa na Kano da ya rasu a 1962. Taskar ta haura takardu 3,000, akasarinsu rubutun hannu: fiƙihu, tauhidi, sufanci, magunguna, wasiƙu da waƙoƙi, da Larabci da kuma ajamin Hausa.

Irin wannan sashe ya bambanta da sauran ɗakin karatu. Ba a ba da aron komai a kai gida, domin da yawa daga takardun ba su da na biyu. Malami yakan kawo ɗalibansa su ga takardar da idonsu, su duba tawada da sharhin da almajirai suka yi a gefen shafi. A 1978 an kammala digirin digirgir a jami'ar kacokan a kan Falke da littattafansa.

To, ɗalibin Bayero ko na Zariya fa, wanda ba shi da kuɗin jirgi balle biza? Mutane da dama za su ce ai sai a ɗauki hoton takardun a zuba a intanet. Ɗaukar hoto kuwa shi ne mafi sauƙi a aikin.

Littattafanmu na da ba a ɗinke suke ba. Warwara suke a cikin gafaka, galibi babu lambar shafi. Marubuci yakan sa kalmar farko ta shafi na gaba a ƙasan wanda ya gama, da ita ake gane jeri. Idan mai ɗaukar hoto bai iya karatun ba, ya haɗa shafuka a birkice, a haka za su zauna a intanet.

Sai matsalar bincike. Kwamfuta ba ta san abin da ke cikin hoto ba sai an mayar da shi rubutu. Manhajojin OCR da ke wannan aiki an fi horar da su da bugun Larabci na ƙasashen Gabas. A rubutunmu na Warshu kuwa, harafin fa ɗigonsa a ƙasa yake, ƙaf kuma ɗigo ɗaya gare shi a sama. Manhajar da ta saba da bugun Masar tana ganin ƙaf ɗinmu sai ta ce fa ne. Ajami ya ƙara nasa, domin yana da haruffa irin su tsa da babu su a Larabci.

An ɗan samu ci gaba. A 2016 tsarin Unicode ya ƙara fa, ƙaf da nun irin na Afirka, sannan ƙungiyar SIL ta fitar da salon rubutu na kwamfuta mai suna Alkalami, wanda aka zana bisa hannun Kano, kuma kyauta ne.

Duk da haka, ginshiƙin aikin yana hannun mutum: wanda zai karanta takarda ya rubuta sunan mawallafi, fanni, harshe da yawan shafuka a rumbun bayanai. Sai da wannan bayani mai bincike zai iya gano littafi ɗaya cikin dubbai.

Gidan Arewa a Kaduna da jami'o'in Zariya, Kano da Sakkwato duk suna riƙe da irin waɗannan takardu, gara da danshi kuma ba sa jira. Masu karanta ajami muna da su a tsangayu da zaurukan malamai, masu rubuta manhaja kuma suna ƙaruwa a Kano da Kaduna. Manhajar da za ta karanta hannun Kano sai an horar da ita da dubban layuka da mutum ya kwafa daidai, kuma wannan aiki sai ɓangarorin biyu sun zauna tare.