Daina Maganin Damuwa Farat Ɗaya: Wahalar da Ba a Cika Faɗa wa Mara Lafiya Ba

Kwana biyu zuwa huɗu bayan mutum ya ajiye maganin tsananin damuwa farat ɗaya, jiki kan rikice. Jiri ya ɗebe shi in ya miƙe, zuciya ta yi ta tashi, barci ya ƙaurace, in ma ya samu ya rintsa sai munanan mafarkai. Wani ya yi ta zufa da ciwon gaɓoɓi kamar mura za ta kama shi, wani kuma ya zama mai saurin fushi, ko kuka ya riƙa zo masa babu dalili. Akwai alamar da masu ita ke rasa yadda za su kwatanta: su ji wani abu ya fizge su cikin ka kamar jan wutar lantarki, musamman in suka juya ido da sauri. A wajenmu, mai irin wannan koke sai a ce zazzaɓin cizon sauro ne ko taifot, a nufi kemis. In abin ya ƙi ci, a koma zancen iska ko sammu. Da wuya wani ya tuna da ƙwayar da aka daina sha a farkon mako.

Yawancin magungunan da ake bayarwa a yau, irin su fluoxetine da sertraline da paroxetine, suna aiki ne a kan wani sinadari mai suna sirotonin, wanda jijiyoyin ƙwaƙwalwa ke aika wa juna saƙo da shi. Maganin yana toshe hanyar da jijiya ke sake tsotse sinadarin, sai ya daɗe a tsakaninsu. A cikin makonni da watanni ƙwaƙwalwa takan daidaita kanta da wannan sabon yanayi. Idan aka janye maganin rana ɗaya, yakan fita daga jini kafin ita ta koma yadda take a da, kuma a wannan tsakanin ne ake shan wahala.

Shi ya sa magungunan ba su zama ɗaya ba. Venlafaxine kan ragu da rabi a cikin jini cikin kimanin awa 5, paroxetine kuma cikin kusan kwana ɗaya, don haka su ne suka fi yin ƙaurin suna; akwai wanda mantuwar shan na kwana guda ma take jijjigawa. Fluoxetine kuwa, wanda Amurka ta amince da shi a 1987 da sunan Prozac, yakan yi makonni yana fita a hankali, sai abin ya zo da sauƙi ko ya makara. Tsohon maganin nan amitriptyline, da ake yawan rubutawa a asibitocinmu saboda araharsa, shi ma ba a yanke shi haka kawai.

Tun ƙarshen shekarun 1950 likitoci suka ga wannan matsala da maganin imipramine, amma aka daɗe ana raina ta. Ƙa'idar da likitocin Ingila suka yi shekaru suna bi cewa take yi alamomin ba su da tsanani, kuma cikin kamar mako guda suke wucewa. Marasa lafiya suka yi ta cewa ba haka ba ne. A 2002 shirin Panorama na BBC ya fito da koken masu shan Seroxat, wato paroxetine. A 2019 masu bincike James Davies da John Read suka tattara binciken da aka yi a baya, suka ce kashi 56 cikin ɗari na masu dainawa suna fuskantar alamomin. A shekarar ce ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Birtaniya da hukumar NICE, mai tsara waccan ƙa'ida, suka gyara matsayinsu, suka yarda cewa a wajen wasu abin kan yi tsanani ya kuma ɗauki watanni. Sai a 2024 wasu masana a Jamus suka duba bincike 79 da ya ƙunshi mutum sama da 21,000, suka wallafa a mujallar Lancet Psychiatry cewa abin da za a iya jingina wa maganin kansa bai wuce kashi 15 cikin ɗari ba, masu tsananin kuma kamar mutum ɗaya cikin 35. Har yau ana ja-in-ja, domin masu suka na cewa da yawa daga cikin waɗancan binciken na 'yan makonni ne, alhali mutane shekaru suke yi suna sha. Ko da ƙaramin adadin aka ɗauka, a ganina ya isa a ce kowane likita ya yi bayani tun ranar da ya rubuta maganin.

Abin da ya fi ba da mamaki shi ne yadda ake saukowa. Masu bincike Mark Horowitz da David Taylor sun nuna a 2019, daga hotunan ƙwaƙwalwa, cewa miligiram 20 na maganin citalopram yana toshe kusan kashi 80 cikin ɗari na hanyar nan ta sake tsotse sirotonin, amma kimanin miligiram 5 ma yana toshe kusan kashi 60. Wato tsani ne wanda matakansa na sama suke kusa da juna, na ƙasa kuma suke da tazara. Mai ganin ya rage maganin zuwa kwata, don haka sauran ba komai ba ne, a nan ne yake dirowa daga wuri mafi nisa. Saboda haka ake rage shi kaɗan-kaɗan, raguwar tana ƙara ƙanƙanta yayin da ake dosar ƙarshe, wani lokaci da na ruwa don a iya auna ɗan mitsitsi.

Kuskure biyu ake yawan yi. Na farko, a ɗauka ciwon ne ya dawo. Dawowar ciwo takan zo a hankali, bayan makonni ko watanni, ba ta kuma zuwa da jiri da fizgar lantarki. Alamomin dainawa kuwa cikin kwanaki suke bayyana, kuma sukan lafa da wuri in aka koma kan maganin. Na biyu, a ce mutum ya zama ɗan ƙwaya. Wannan zalunci ne. Mai shan sertraline ba ya buguwa, ba ya ƙawar ƙara yawa kamar mai ta'ammali da tiramol ko kodin. Jikinsa ne ya saba, kamar yadda yake sabawa da wasu magungunan hawan jini.

Dalilan da ke sa mutanenmu su daina sanannu ne: kuɗin magani ya ƙare, ko an ji sauƙi an ɗauka an warke, ko mace ta samu juna biyu ta tsorata, ko azumi ya kama, ko 'yan uwa sun matsa da cewa wannan maganin mahaukata ne. Kusan kowanne yana da mafita in an tambaya. Maganin da ake sha sau ɗaya a rana ana iya mayar da shi lokacin sahur ko bayan buɗa-baki, kuma likitoci kan so a ci gaba da sha aƙalla wata shida bayan samun sauƙi.

Mai karatu, in kana shan irin wannan magani kuma kana son rabuwa da shi, haƙƙinka ne, amma ka koma wurin wanda ya rubuta maka ku tsara saukar tare. In ka riga ka daina kana jin waɗannan alamomi, ka faɗi sunan maganin da ranar da ka ajiye shi. In kuwa tunanin halaka kai ya fara zo maka, a kai ka asibiti a ranar, kada a jira gobe.