Tiyatar Fatar Ido: Ina Iyakar Magani, Ina Farkon Sauya Halitta?

A 'yan shekarun nan, tambaya kan tiyatar gyaran fuska ta fara shigowa majalisun karatu a Gyallesu da Tudun Wada, musamman daga matasa masu ganin hotunan “kafin aiki da bayan aiki” a Instagram da TikTok. Daga cikin abin da ake tambaya har da tiyatar fatar ido, inda likita ke rage fata ko kitsen da ya taru a saman ido ko ƙasansa. Kafin mu ce halal ko haram, wajibi ne mu san abin da ya kai mutum gaban likitan.

Akwai wanda larura ce ta kai shi. Dattijon da fatar idonsa ta sauko har tana tare masa gani, ko yaron da aka haifa ido ɗaya a rufe rabi, ko wanda wuta ko haɗarin mota ya ɓata masa fata, duk magani suke nema. Haka mai fama da amosanin ido wanda gashin idonsa ya juya ciki yana gogar ƙwayar ido. Iyayenmu mata da yawa suna tsige gashin da matsefata, ya sake tsirowa, har gani ya tafi, alhali ƙaramar tiyata kan gyara fatar. Hujjar malamai a nan ita ce ƙissar Arfaja bin As'ad, wanda aka yanke wa hanci a yaƙin Kulab, ya sa na azurfa ya yi wari, sai Annabi (SAW) ya umarce shi da ya sa na zinare, kamar yadda Abu Dawuda da Tirmizi suka ruwaito.

Akwai kuma mai lafiyayyen ido wanda burinsa kawai ya yi kama da wata tauraruwa. Aya ta 119 a Suratun Nisa'i ta jingina sauya halittar Allah ga umarnin Shaiɗan, hadisin Ibn Mas'ud a Bukhari da Muslim kuma ya tsawatar kan sauya halitta don neman kyau. A kan haka ne Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Putrajaya da ke Malesiya a shekarar 2007, ta halatta tiyatar da ke gyara aibi ko dawo da aikin gaɓa, ta hana wadda ake yi don son zuciya da kwaikwayo, har ta ambaci sauya siffar idanu a cikin misalanta.

Wanda larura ta halatta masa aikin, ya san cewa ido ba wurin gwaji ba ne. Kumburi da taruwar jini a fata kan ɗauki mako ɗaya zuwa biyu. Ido na iya bushewa, in kuma aka cire fata fiye da kima yana iya kasa rufuwa ko a cikin barci. Jini kan iya taruwa a bayan ido ya jawo makanta, duk da hakan bai cika faruwa ba. Don haka a gaya wa likita gaskiya in akwai ciwon suga, hawan jini, maƙoƙo, hawan jinin ido, ko ana shan asfirin da sauran magungunan tsinka jini.

A tabbatar likitan yana da rajista da Hukumar Likitoci ta Ƙasa, kuma ya ƙware a aikin ido. Mu mutanen Zariya ba mu da uzurin miƙa idonmu ga ɗakin kwalliya, domin ga Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika, ga Cibiyar Kula da Ido ta Ƙasa a Kaduna.

Ibada ma Shari'a ta sauƙaƙa. In ruwa zai cutar da ɗinkin, sai a yi shafa a kan bandeji wajen alwala. In likita ya hana sunkuyar da kai na wasu kwanaki, sai a yi sujada da nuni. Kwalli kuwa a jinkirta shi har wurin ya warke.

Muna kira ga magidanta da su daina kushe halittar matansu, domin sau da yawa gorin cikin gida ne ke tura mace neman wuƙar likita. Wanda kuma yake da tsohuwa a gida tana tsigar gashin ido, ya kai ta asibiti tun ganinta bai tafi ba. Allah Ya ƙara mana lafiya da wadatar zuci, amin.