Yadda Ɗan Kurege Ya Ciwo Gasar Duniya

A watan Agusta na shekarar 2014, a birnin Washington na ƙasar Amurka, wani saurayi ɗan Koriya ta Kudu mai suna Se Jun Park ya lashe gasar duniya ta Pokémon, wasan nan na na'ura da Japanawa suka fito da shi a 1996, inda ake haɗa dodanni faɗa.

Ƙa'idar gasar ita ce kowa ya zo da dodanni shida, ya zaɓi huɗu, su shiga fage bibbiyu. Kowane dodo kuwa da maganinsa: na ruwa yana kashe na wuta, na wuta yana cin na ciyawa. Saboda haka wanda ya tara ƙarfafa zalla masu lago iri ɗaya, abokin gaba guda ya ishe shi kuka.

Cikin manyan mayaƙan Park akwai Gyarados, macijin ruwa wanda lantarki ke kayarwa nan take. Sai ya haɗa shi da Pachirisu, ɗan kuregen da gwanaye suka raina. Babban aikinsa shi ne ya jawo hari kansa. In na lantarki ne ma, lafiya yake ƙara masa. Yana nan yana shan duka, maciji na gefe yana ɓarna.