Feng shui da kwashe tarkace: ina gaskiyar take?

Ana ta yaɗa cewa mutanen Sin sun gano tun zamanin da cewa tarkace a gida yana toshe arziki, wai duk wanda ya kwashe shi bisa ƙa'idar feng shui sai kuɗi sun shigo masa. An cakuɗa gaskiya da ƙarya a maganar nan.

Feng shui tsohuwar al'adar Sin ce, wannan ba musu. Sai dai ba da gyaran ɗaki ta fara ba. Shahararren littafinta na farko, wanda ake dangantawa da Guo Pu da ya rasu a shekarar 324, yana magana ne kan inda ya dace a binne mamaci. Masu sana'ar kan duba tsauni da kogi da fuskar da gini zai kalla, da wani faifan auna shiyya mai suna luopan.

Haɗa ta da kwashe tarkace sabon abu ne. Taswirar da ke raba gida kashi tara ana farawa daga ƙofa, har da "kusurwar dukiya", wani malamin feng shui mai suna Lin Yun ne ya yaɗa ta a Amurka a shekarun 1980, sannan littafin Karen Kingston, 'yar Ingila, na 1998 ya sa batun ya bazu. Ita kuwa Marie Kondo, mai koyar da kwashe tarkace da ake yawan jinginawa ga feng shui, 'yar Japan ce, tsarinta daban ne.

Alkawarin arzikin shi ne ba shi da tushe. Babu na'urar da ta taɓa auna qi, ƙarfin da ake cewa tarkace yana tarewa, kuma babu binciken da ya nuna share wata kusurwa ko rufe bakin masai yana ƙara wa mutum kuɗi. Abin da ke ba ni takaici shi ne yadda ake tallata wa mutane kwaɗon ƙarfe mai tsaba a baki da duwatsu masu ƙyalli: mutum ya zo rage kaya, an sayar masa da ƙari.

Amfanin kwashewar kuwa yana nan. Wani bincike na jami'ar UCLA da aka wallafa a 2010 ya gano cewa matan da suka siffanta gidajensu a matsayin cunkusassu, sinadarin damuwa na cortisol ba ya sauka a jikinsu da yamma yadda ya kamata. Alaƙa ce aka gani, ba a tabbatar wanne ya jawo wanne ba. Sauran a fili suke: tulin kaya yana tara ƙura, ya zama maɓoyar ɓera da kyankyaso, tsoho ya yi tuntuɓe da shi cikin duhu, ranar gobara kuma ya tare ƙofar fita.