Hutunmu a Bakin Hamada: Yadda Ake Hidima a Sansanin Matasa

 Mu biyar, wato iyaye da 'ya'ya uku, mun yi hutun Kirsimeti a Jamhuriyar Nijar muna aikin sa kai a wani sansanin matasa na ikkilisiya. Tun da muka dawo tambaya ɗaya ake ta yi mana: "Wa ya yi wa'azi a cikinku?" Amsa ita ce, babu. Suna da masu wa'azinsu, kuma gwanaye ne. Mu ruwa muka je ɗiba. Mun ga ya kamata mu bayyana yadda aikin yake, domin masu nufin zuwa irin wannan hidima su san abin da ke gabansu.

An kafa sansanin a gefen wani ƙauye na ƙasar Damargu, arewa da Damagaram, kan hanyar da ta bi ta Tanut zuwa Agadas. Nan ne gonakin gero suke ƙarewa, rairayi da ƙaya su soma. Bishara ba baƙuwa ba ce a Nijar. Mishan na SIM ya fara aiki a Damagaram a 1924, an kuma buɗe asibitin Galmi a 1950. Duk da haka ƙidayar 2012 ta nuna Kirista ba su kai mutum 1 cikin 100 ba. Ɗalibinmu da ya saba tashi da ƙararrawar sujada zai yi wuya ya gane wannan. A can, yaro yakan gama makaranta shi kaɗai ne mai bi a ajinsu. Mako gudan nan na sansani shi ne lokacin da zai ɗaga ido ya ga tsararrakinsa fiye da ɗari suna waƙa tare da shi. Domin wannan ne ake ɗaukar dukan wahalar.

To, ga lissafin wahalar. Ƙungiyoyin agaji na duniya sun tsai da cewa mutum ɗaya yana bukatar aƙalla lita 15 a yini, domin sha, da girki, da tsabta. A ce sansani yana da mutum 150, matasa da ma'aikata. Lita 2,250 ke nan kowace rana, wato jarka 90 masu lita 25, ko duro 11 da ɗoriya. Da yake lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, nauyin ya wuce tan biyu. Babu famfo, babu rafi. Kowane ɗigo sai an ja shi daga rijiya, an ɗora a amalanken jaki, an kawo.

Rijiyar kuwa ba ta sansani ba ce. Ta gari ce, kuma Buzaye da Fulani suna shayar da raƙuma da shanu a wurin. Tana da zurfi ƙwarai, har ba a jan gugarta da hannu sai da dabba: a ɗaura igiya a jikin raƙumi ko sa, yaro ya kora shi can nesa, guga ta fito. Kowa da lokacinsa, kuma tun kafin mu zo dattawan ikkilisiya suka je wurin mai gari suka roƙa, aka ba sansani asuba.

A nan muka yi kuskurenmu na fari. Uwar yaran ta wanke kwanonin karin kumallo yadda muka saba a gida, ruwa yana kwarara. Yara maza suka yi wanka da bokiti cike. Kafin la'asar duro sun ƙafe, abincin dare kuwa ba a ɗora ba. Babban ɗanmu ya ce, "Baba, mu koma rijiya mana, ai ba nisa." Fasto mai kula da sansanin ya ji, ya ce, "Malam, yanzu lokacin dabbobin mutane ne. In muka je za su ba mu, domin mu baƙi ne. Amma saniyar wani za ta kwana da ƙishi sabili da mu." Daren nan ƙuli da gari aka ci, aka kwanta.

Mun daɗe muna tunani a kan maganar nan. 'Yan'uwa na can ba su manta da Janairu 2015 ba, sa'ad da aka ƙone majami'u da dama a Damagaram da Yamai. Sun san zaman lafiya da maƙwabta ba abin wasa ba ne. Mutanen ƙauyen ba za su zo su ji koyarwar safe ba, amma suna ganin yadda muke yi a bakin rijiya. Baƙo yana iya ɓata cikin kwana ɗaya abin da mai bishara ya yi shekaru yana ginawa, sa'an nan ya hau mota ya tafi.

Washegari wata tsohuwa cikin zumuntar mata ta ja uwar yaran gefe ta ce, "'Yata, zo ki ga." Tukunya sai a fara goge ta da rairayi busasshe, ya kwashe maiƙo da ƙanzo, kafin ta ga ruwa. Kwanoni kuwa a jera daro uku: na sabulu, na ɗauraya, na ɗauraya ta biyu. In na farko ya yi dauɗa, na biyu ya hau matsayinsa, na uku ya koma na biyu. Ba a zubar da kome a ƙasa. Ruwan da ya gama aiki a kai shi gindin 'yan itatuwa. Wanka da buta ɗaya ne, kuma yana yiwuwa, ko da yake 'yarmu ba ta yarda ba sai rana ta uku.

Abin da ba a yi wa rowa shi ne ruwan sha. Wannan ya kamata ɗalibai su riƙe. A hunturu iska busasshiya ce, zufa tana bushewa tun ba ta fito sosai ba, don haka mutum ba ya jin yana asarar ruwa. Yaro zai yi ta buga ƙwallo, can sai ciwon kai da jiri. Alamar da ta fi sauƙi ita ce fitsari: in ya yi kaɗan, ya yi ja, jiki yana neman ruwa. Aikin autanmu ke nan, ya bi ƙungiya ƙungiya da moɗa yana sa kowa ya sha ko bai ji ƙishi ba. Ga mai gudawa kuma akwai ruwan gishiri da sukari: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali shida na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri, kowane a shafe bakinsa. Busasshiyar iskar nan tana da nata amfani. Randa tana tsatsa, iska tana busar da jikinta, ruwan ciki ya yi sanyi. Da wannan dabarar ce Malam Mohammed Bah Abba na Jihar Jigawa ya sa tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi tsakani domin ajiye kayan miya, har ya sami lambar yabo ta Rolex a 2000. Haka muka ajiye tumatirin sansani.

Masai ma aikin 'yan sa kai ne. A haƙa rami nesa da rijiya da madafi, a kewaye da zana, a ajiye toka da buta. Wani saurayi ya yi ƙorafi cewa ba wannan ya kawo shi ba, sai Fasto ya sa ya buɗe Maimaitawar Shari'a sura 23, inda aka umarci Isra'ilawa su keɓe wuri bayan zango, kowa kuma ya riƙe abin tona ƙasa ya rufe. Aka yi dariya, ya ɗauki shebur. Mu ma mun tuna da Ayyukan Manzanni sura 6: mutum bakwai ɗin da aka zaɓa domin rabon abinci, ba a ɗauko su cikin ragowa ba, Istifanas yana cikinsu.

Itacen girki kuma, ɗanye ba a taɓa shi. Kara da busasshen kashin shanu ake tsinta. Mutanen wurin sun san darajar itace fiye da mu. Tun 1983 wani ɗan mishan daga Ostireliya, Tony Rinaudo, ya lura a ƙasar Maraɗi cewa kututturan da ke gonaki suna da rai, in aka rage tohon aka bar 'yan ƙwarara za su koma itatuwa. Manoma suka karɓa, an kuma ƙiyasta cewa ƙasar da ta farfaɗo ta kai hekta miliyan 5. Ajin Littafi Mai Tsarki na sansani a ƙarƙashin gawo ake yinsa, itacen da yake fid da ganye da rani sa'ad da sauran suka kaɗe.

Mai shirin zuwa ya tafi da bargo da rigar sanyi, gama da dare sanyi yana shiga ƙashi. Ya riƙe tocila, da man kaɗanya domin leɓe da diddige, ya kuma riƙa kakkaɓe takalmi da safe saboda kunama. Ya yi allurar rigakafin sanƙarau. Lokacinsa ne, ana kuma kwana a cunkushe, kuma manya sun tuna annobar 1996. Ya koyi lissafin sefa, domin da dala ake ƙirge, dala ɗaya sefa 5, jaka kuwa sefa 1,000. Kada kuma kowa ya kama hanya bisa ga ra'ayin kansa. An rufe iyaka bayan juyin mulkin Yuli 2023 har zuwa Maris 2024, kuma akwai hanyoyin da ba a bi saboda tsaro. A rubuta wa shugabannin ikkilisiya na can tukuna, a jira amsarsu.

Ranar tashi muka cike ramuka, muka ƙirga kwanoni, muka je yi wa mai gari ban kwana da ɗan sukari da ganyen shayi. Ya tambaya ko yaron nan mai kora jaki zai dawo baɗi. Babban ɗanmu ke nan, wanda ya tafi da gitarsa da nufin koyar da waƙa, bai kuwa buɗe jakarta ba sai daren ƙarshe.