Gaba ko baya: yadda rashin daidaiton birki ke juya mota, daga filin tsere zuwa hanyar Karshi

Duk ma'aikacin da ke zaune a Karshi ya san lissafin safiya. A bar gida kafin gari ya waye sosai, a bi ta Orozo, Kurudu da Jikwoyi, a faɗa cunkoson Nyanya, sannan a kai sakatariyar tarayya idan Allah ya sa. Hanyar Apo zuwa Karshi, wadda aka ba da kwangilarta tun 2011 domin rage wannan wahala, ta shafe fiye da shekara goma ana jiranta. A irin wannan tafiya ƙafar direba ta fi zama kan birki fiye da totur, amma kaɗan ne ke tambayar yadda ƙarfin birkin ke rabuwa tsakanin tayoyi huɗu.

Masu tuƙin tsere ne suka fi kowa sanin amsar, domin su kuskure ba ya ɓoye musu. Wasan bai kafu sosai a Najeriya ba. Akwai filin tsere a Evbuobanosa ta Jihar Edo, akwai kuma matasan Abuja masu zamiya da tsofaffin BMW a ƙarshen mako. Wani maƙwabcina a Karshi, ƙaramin ma'aikaci a wata ma'aikatar tarayya, yana cikinsu, kuma abin da ya same shi da motarsa ne ya sa na zauna na bi batun.

Asalin lamarin nauyi ne. Idan aka taka birki, nauyin mota yana zubowa gaba: hanci ya duƙa, baya ya ɗaga. Tayoyin gaba sukan danne ƙasa da ƙarfi, na baya su yi sauƙi. Shi ya sa masu ƙera mota ke bai wa gaba kaso mafi girma, galibi kashi 60 zuwa 70 cikin 100 a motar da injinta ke gaba. Idan tayoyin gaba suka riga kullewa, sitiyari ya daina jin magana, motar ta miƙe inda ta dosa. Abin tsoro ne, amma da zarar direba ya sassauta ƙafa sai ta dawo hannunsa. Idan kuwa na baya suka riga kullewa, gindin motar ne zai nemi ya wuce kanta, ta juya kamar an murza ta. Saboda haka ƙa'idar ita ce gaba ya riga baya kullewa da ɗan kaɗan, ba da yawa ba.

Maƙwabcin nawa ya sayi fad ɗin birki na tsere ya sa a gaba kaɗai, ya bar na yau da kullum a baya, ya kuma cire ABS saboda yana hana shi zamiya. A ganinsa ya ƙara wa motar ƙarfi. Abin da bai lura da shi ba shi ne fad na tsere sai ya yi zafi yake kamawa sosai. Da sanyin safiya gaba bai farka ba, baya kuwa a shirye yake, don haka rinjayen birki ya koma baya ba tare da kowa ya taɓa komai ba. A taka birki na farko mai ƙarfi, kafin shiga kwana, motar ta juya da shi. Allah ya taƙaita, fili ne babu kowa. Bayan 'yan zagaye kuma, da gaba ya ɗau zafi, sai matsalar ta sauya fuska: gaba na kullewa da wuri. Mota ɗaya, hali biyu, cikin minti goma.

Zafin ma ba ƙarami ba ne. Mota mai kilo 1,400 da ke gudun kilomita 120 a awa, idan ta tsaya cak, zafin da birkinta ke sha ya kusan isa ya kai ruwa lita biyu da rabi ga tafasa. Idan gudu ya ninka, zafin ya ninka sau huɗu. A filin tsere ana maimaita wannan kowace kwana. Man birki na DOT 3 sabo yana jure digiri 205 aƙalla, DOT 4 kuma 230, amma man yana zuƙar danshi daga iska, kuma idan ya jiƙa ma'aunin yana sauka zuwa 140 da 155. Da ya tafasa a kalifar gaba, ƙafa ta nutse, abin da muke kira shanyewar birki ke nan. DOT 5 na silikon ne, ba a gauraya shi da sauran, kuma kada kamannin suna ya sa a ɗauke shi daidai da DOT 5.1.

Gyaran bai fara da sayen sabon kaya ba, kuma nan ne nake ganin yawancin matasan ke kuskure. An fara ɗaga motar aka duba kowace ƙafa. Fil ɗin kalifar baya ta hagu ya cije da tsatsa da jar ƙasa, wanda shi kaɗai ya isa ya sa mota ta riƙa jan gefe. Aka wanke, aka sa giris, aka zubar da tsohon mai, aka fitar da iska. Aka daidaita iskar tayoyi, aka duba shokazoba, domin wadda ta mutu tana barin taya ta riƙa tsalle maimakon riƙe ƙasa. Sai bayan nan aka sa fad masu jituwa gaba da baya.

Sannan aka zo kan bawul mai rage matsin man da ke zuwa baya, irin wanda ake murzawa da hannu. Iyakarsa ita ce ragewa kawai yake yi, ba ya ƙara wa baya ƙarfi. Motocin tsere na gaske suna da masta biyu, ɗaya na gaba ɗaya na baya, da sanda a tsakani da ake karkatarwa. Direbobin Formula 1 kuwa daga kan sitiyari suke sauya rabon, wani lokaci daga kwana zuwa kwana. Gwajin namu na talaka ne: fili a rufe, gudu matsakaici, a taka a hankali ana ƙarawa, mutum ɗaya na tsaye nesa yana kallon tayar da ta fara kullewa. A murza kaɗan, a sake. Abu ɗaya ake sauyawa a lokaci guda.

Akwai tarkon da ya shafi Karshi musamman. A kan jar ƙasa ko kwalta mai ƙura, taya ba ta riƙe ƙasa sosai, nauyi ba ya zubowa gaba da yawa, don haka baya na iya ɗaukar kaso fiye da wanda ya saba. Wanda ya saita birkinsa a irin wannan wuri, ya hau kwalta mai kyau da sababbin tayoyi, baya ne zai riga kullewa. Inda za a tuƙa motar, nan ake saita ta.

Mai Corolla ko Camry ta zuwa ofis ba ya bukatar bawul ko masta biyu, galibi motarsa na da ABS da na'urar rabon ƙarfi da ke yi masa wannan aiki. Amma fa sai suna aiki. Wasu makanikai, idan tiyon baya na yoyo, sukan toshe shi su ce gaba ya wadatar. Wasu sukan cire ƙwan fitilar ABS don kada mai saye ya gani. Idan aka kunna makulli, fitilar ya kamata ta kama na 'yan daƙiƙoƙi sannan ta mutu. Wadda ba ta kamawa sam abar tuhuma ce. Hadiman da ke kula da jif-jif na manya su ƙara da wannan: motar da aka yi wa sulke ta ƙara nauyi mai yawa, kuma birkin da ta zo da shi daga kamfani ba don wannan nauyi aka lissafa shi ba. Cibiyoyin gwajin mota ta kwamfuta da ke Abuja suna ɗora tayoyi kan na'ura mai juyawa, su auna ƙarfin hagu da dama, gaba da baya, su ba da takarda. Yawanci mukan karɓa mu cusa cikin aljihun mota ba tare da karantawa ba.

Maƙwabcina ya mayar da ABS ɗinsa. Fad ɗin tseren kuma a but suke kwana yanzu, sai ranar wasa yake sa su, gaba da baya tare, ya cire kafin Litinin.